Kan Sarki da Shaidunsa: Yadda Ake Gane Ƙasar da Ta Buga Shi

Kalmar kan sarki, wadda da ita Hausawan Nijeriya suke kiran 'yar takardar nan da ake liƙawa a jikin ambulan domin nuna cewa an biya kuɗin aika wasiƙa, tana ɗauke da tarihinta a cikinta, domin lokacin da gidan waya irin na Turawa ya shigo ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, abin da mutane suka riƙa gani a kan takardar shi ne hoton kan mai sarautar Ingila, sai suka raɗa mata suna da abin da idonsu ya gani. Hausawan Nijar kuwa, waɗanda abin ya zo musu ta hannun Faransawa, tambur suke cewa, kalmar da aka aro daga Faransanci, kuma hakan ya dace da yadda abin yake, tunda Faransa jamhuriya ce a wancan zamani, ba ta da sarkin da za a buga kansa. Wannan bambancin suna kaɗai ya isa ya nuna cewa kowace hukuma tana barin sawunta a kan 'yar takardar, kuma bin wannan sawu har a kai ga ƙasar da ta buga ta fanni ne mai zaman kansa a cikin ilimin nazarin kan sarki, ilimin da wani Bafaranshe mai suna Georges Herpin ya raɗa wa suna filateli a 1864.

Wanda bai taɓa zama da tarin tsofaffin kan sarki a gabansa ba zai ɗauka cewa babu wata wahala a nan, tunda ai sunan ƙasa yana rubuce. Gaskiya ne cewa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan ranar 9 ga Oktoba 1874, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kowace ƙasa ta rubuta sunanta a kan abin da ta buga, kuma da haruffan boko, amma ƙa'idar ta zo ne bayan an shafe shekaru masu yawa ana buga kan sarki yadda kowa ya ga dama, kuma ko bayan zuwanta ba kowa ne ya bi ta ba. Ga shi kuma sunan da ƙasa take kiran kanta da shi sau da yawa ya sha bamban da wanda duniya ta san ta da shi, sannan hukumomi da dama da suka buga kan sarki sun shuɗe, sun bar takardunsu suna yawo a hannun mutane.

Ƙasar da ta fi kowace shahara wajen ƙin rubuta sunanta ita ce Birtaniya, kuma dalilinta mai sauƙi ne. Ita ce ta fara fito da kan sarki a duniya, bisa shawarar Rowland Hill, wanda ya yi fafutukar a mayar da biyan kuɗin wasiƙa kan mai aikawa maimakon mai karɓa, kuma a yi farashi ɗaya mai rahusa ga duk faɗin ƙasar. Na farkon, wanda ake kira Penny Black, wato baƙin kwabo, ya fara aiki ranar 6 ga Mayu 1840, yana ɗauke da hoton ƙuruciyar Sarauniya Victoria, da kalmar da ke nufin kuɗin aika wasiƙa a sama, da farashin kwabo ɗaya a ƙasa. Babu sunan ƙasa a jikinsa, saboda a ranar babu wata ƙasa ta biyu da za a rikita shi da nata. Ƙungiyar ta duniya ta bar wa Birtaniya wannan gata har yau, don haka duk kan sarkin da aka gani da rubutun Ingilishi ko lamba zalla, da kan sarki ko sarauniya, ba tare da sunan wata ƙasa ba, to galibi na Birtaniya ne. Tun 1966, idan an buga na tunawa da wani biki ko wani mutum, akan mayar da kan ya zama 'yar ƙaramar inuwa a kusurwa, wani lokaci ruwan zinariya, wadda sai an lura ake ganinta, kuma ita ce take tsayawa a madadin suna.

Wasu ƙasashen ma sun fara da rashin suna. Barazil ta fito da nata a 1843 ba hoto ba suna, sai manyan lambobi 30, 60 da 90 a tsakiyar wani zane mai siffar ƙwai, abin da ya sa aka yi musu laƙabi da idon sa. Na farko da Norwe ta buga a 1855 zaki ne riƙe da gatari a cikin garkuwa, wanda Ostiriya ta buga wa Bosniya a 1879 kuma gaggafa ce mai kai biyu da lambar farashi, babu harafi ko ɗaya. A zamanin nan ma, da yawa daga cikin na Saudiyya ba su da wata alama sai itacen dabino da takubba biyu a gicciye, tambarin da duk wanda ya taɓa sauke farali zai gane nan take.

Inda sunan yake a rubuce kuma, sai mai nazari ya koyi sunayen da ƙasashe suke kiran kansu. Helvetia ita ce Suwizalan, wadda take da harsunan ƙasa huɗu, ta zaɓi tsohon suna na Latin domin kada a ce ta fifita ɗaya a kan sauran. Suomi Finlan ce, Magyar na nufin Hangari, Éire ita ce Ayalan, Hellas Girka, Shqipëria Albaniya, Hrvatska kuma Kuroshiya. Österreich Ostiriya ce ta tsakiyar Turai, wadda masu koyo suke yawan rikitawa da Ostareliya. Haruffan RF alamar Jamhuriyar Faransa ce, DDR kuma Jamus ta Gabas wadda ta rayu daga 1949 zuwa 1990. Wannan ɓangare hadda ce kawai, kuma wanda ya yi mako biyu yana juya tarinsa zai riƙe mafi yawansa.

Aikin gaske yana farawa ne inda suna ya ɓace, ko ya zo da rubutun da mutum bai iya karantawa ba, ko hatimin gidan waya ya rufe shi da baƙin tawada. A nan hanyar da ta fi dacewa ta yi kama da ta alƙalin da yake sauraren shaidu, wanda ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, kuma ya san cewa shaidu ba darajarsu ɗaya ba. Shaidun kan sarki su ne irin rubutun da ke jikinsa, sunan kuɗin da aka yi farashinsa da shi, tambarin hukuma, tsarin bugu, takardar kanta, sai kuma hoton da aka zana. Abin da ya kamata mai koyo ya fara sani shi ne cewa hoton, wanda shi ne yake fara jan ido, shi ne mafi raunin shaidun duka. A tsakanin 1964 da 1972, ƙananan masarautun gaɓar Tekun Fasha irin su Ajman da Fujaira da Ummul Ƙuwain, waɗanda yanzu suke cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun ba wasu kamfanonin waje izinin buga kan sarki da sunansu domin sayar wa masu tarawa, sai aka cika kasuwa da hotunan wasannin ƙanƙara da zane-zanen Turawa da 'yan sama jannati, abubuwan da ba su da wata alaƙa da waɗannan garuruwa na rairayi. Wanda ya ga dusar ƙanƙara ya ce Turai ce, ko ya ga giwa ya ce Afirka ce, ya yi gaggawa, domin kama da wane ba ta wane.

Rubutu ya fi hoto gaskiya nesa ba kusa ba, kuma a nan Bahaushen da ya yi karatun allo yana da wata dama da yawancin masu tara kan sarki na Turai ba su da ita, domin abin da su suke gani kamar zane ne kawai, shi karanta shi yake yi. Amma ganin haruffan Larabci bai isa a ce ƙasar Larabawa ce ba, tunda Farisanci da Urdu da tsohon Turkanci duk da su ake rubuta su, kamar yadda ake rubuta Hausa da ajami. Kalmar da za a fara nema ita ce wadda take nufin gidan waya. Larabawa baridu suke rubutawa, Farisawa da Afganawa kuwa sukan rubuta kalmar da ta fara da harafi mai siffar ba amma da ɗigo uku a ƙasa, harafin da babu shi a Larabci, kuma ganinsa kaɗai ya isa ya karkatar da mai bincike zuwa gabas. Lambobi ma suna magana. Biyar ta Larabawan gabas 'yar da'ira ce, ta Farisawa kuwa ta yi kama da zuciyar da aka kifar, haka huɗu da shida suna da siffa dabam a wurinsu, yayin da Maroko da Aljeriya da Tunisiya suke amfani da lambobin nan da aka saba gani a boko.

Shekarar da aka rubuta tana buƙatar kulawa ta musamman, saboda lissafin Hijira iri biyu ne. Saudiyya tana bin na wata, wanda aka sani a ƙasar Hausa, Iran kuwa tana bin na rana, wanda shi ma daga Hijira yake farawa amma shekararsa ta fi tsawo da kimanin kwana goma sha ɗaya. Saboda haka shekarar 1350 a lissafin wata ta faɗo a 1931 zuwa 1932, a lissafin rana kuwa sai 1971 zuwa 1972, tazarar shekara arba'in cif, wadda ta isa ta sa mutum ya jingina kan sarki ga sarkin da bai buga shi ba. Akwai kuma iyakoki biyu na tarihi masu amfani: Turkiyya ta bar haruffan Larabci ta koma na boko a 1928, Farisa kuma ta nemi duniya ta riƙa kiranta Iran a 1935, don haka rubutun Faransanci da ke jikin nata ya sauya daga Postes Persanes zuwa sabon sunan.

Sauran rubuce-rubucen ana iya gane su da ido ko ba a iya karanta su ba. Haruffan CCCP, waɗanda suke kama da na boko, na Rashanci ne, ana furta su SSSR, kuma suna nufin Tarayyar Sobiyet. Harafin 中, akwati da aka soke da sanda daga sama zuwa ƙasa, shi ne farkon sunan ƙasar Sin, kuma yana fitowa a na Beijing da na Taiwan duka, yayin da 日, akwati mai layi a kwance a tsakiya, yake cikin sunan Japan, wadda ba ta fara ƙara kalmar Nippon da boko ba sai 1966. Rubutun Koriya ana gane shi da ƙananan da'irori a cikin haruffansa, na Hindi da layin da haruffa suke rataye a jikinsa kamar shanya, na Habasha kuwa ba ya kama da na kowa sai na maƙwabciyarta Eritiriya.

Shaida na biyu, wanda sau da yawa shi ne yake raba gardama, shi ne sunan kuɗi. Misali mafi kyau shi ne na Masar da Siriya, waɗanda suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya a 1958 a ƙarƙashin Jamal Abdul Nasir, suka riƙa buga haruffan UAR a kan sarkinsu, wani lokaci ma da zane iri ɗaya. Ƙasar ɗaya ce amma aljihu biyu, don haka na Masar yana ɗauke da harafin M na millim, na Siriya kuma P na fiyasta, kuma wannan harafi guda shi ne kaɗai bambancin a wasu lokuta. Siriya ta fice a 1961, Masar kuwa ta ci gaba da riƙe sunan har 1971. Haka abin yake ga Finlan lokacin da take ƙarƙashin sarkin Rasha: daga 1901 an tilasta mata zane irin na Rasha, da gaggafar Rasha da rubutun Rasha, amma farashin cikin gida da penni da markka aka rubuta shi maimakon kopek da rubul. A ƙasashen da suke rubutu irin na Rasha ma, stotinki na Bulgeriya ne, para na Sabiya da maƙwabtanta.

Akwai wani misali da ya haɗa rashin suna da shaidar kuɗi wuri ɗaya. Daga 1948, gidajen wayar da Birtaniya take gudanarwa a Maskat da Dubai da wasu garuruwan gabashin Larabawa sun yi amfani da kan sarkin Birtaniya na gida, wanda dama ba shi da suna, aka buga masa sabon farashi da anna da rufi, kuɗin Indiya da ake ciniki da su a yankin a lokacin. Mai kallo zai ga kan Sarki George na Shida ko na Sarauniya Elizabeth ya ce na Ingila ne, amma kalmar anna ta riga ta faɗa masa cewa ba a taɓa sayar da wannan a Landan ba. Kuɗi yana kuma taimakawa wajen sanin zamani. Kan sarkin Nijeriya mai farashi da harafin d, alamar kwabon da, ko mai lamba da karkataccen layi, alamar sule, an buga shi ne kafin ranar 1 ga Janairu 1973 da naira da kobo suka fara aiki, kamar yadda pesewa take nuna cewa na Gana ne daga 1965 zuwa sama.

Tambari shaida ne mai ƙarfi, sai dai yana da 'yan uwa masu kama da shi. Furen da ke da ganye goma sha shida a jere kamar rana tambarin gidan sarautar Japan ne, kuma ya zauna a kan sarkinta daga 1872 har 1947. Tugura, wato sa hannun sarki da aka murɗa haruffansa suka zama zane mai sanduna uku a tsaye da madaukai biyu a hagu, ita ce alamar Daular Usmaniyya ta Turkiyya tun daga na farko da ta buga a 1863 zamanin Sultan Abdul'aziz, amma Saudiyya ma ta yi amfani da irin wannan salo wajen rubuta sunayen sarakunanta, don haka sai an karanta sunan. Zaki kuwa kowa nasa: na Habasha yana sanye da kambi, yana riƙe da sanda mai tuta, na Farisa yana riƙe da takobi, rana tana fitowa a bayansa, na Finlan yana tsaye a kan ƙafafun baya yana taka wani lanƙwasasshen takobi. Gaggafa mai kai biyu ta fito a na Rasha da Ostiriya da Albaniya da Sabiya, jinjirin wata da tauraro kuma sun bazu daga Tunisiya har Pakistan. Tambari yana rage yawan ƙasashen da ake zargi, sannan rubutu da kuɗi su ƙarasa aikin.

Zamanin mulkin mallaka ya kawo wata matsala ta dabam, wadda ta shafi wannan yanki kai tsaye. Domin rage kashe kuɗi, kamfanin De La Rue na Landan ya riƙa amfani da farantin bugu guda ɗaya ga ƙasashe masu yawa, a buga kan sarki da adon da ke kewaye da shi, a bar gurbi biyu babu komai, sannan a zo da faranti na biyu a cike gurbin sama da sunan ƙasa, na ƙasa da farashi. Wanda ya ɗora gilashin ƙara girma a kan na kwabo ɗaya da aka buga wa Nijeriya ta Arewa a 1902 zai ga kan Sarki Edward na Bakwai yana duban hagu, da kambi a bisansa, jikin takardar ruwan shunayya, sunan ƙasar da farashin kuwa da jan tawada, abin da yake nuna cewa sau biyu takardar ta shiga inji. In aka ajiye shi kusa da na Gold Coast, wato Gana ta yau, ko na Saliyo na wannan zamani, aka rufe gurbin saman da yatsa, da wuya a ce ga na wane. Nijeriya ta Arewa ta yi kan sarkinta na kanta daga 1900 har zuwa haɗewar 1914, kuma cikinsu akwai na fam 25 na 1904, wanda yake cikin mafi wuyar samu a duk na Afirka ta Yamma. Faransa da Fotugal sun bi irin wannan tsari, Jamus kuma ta buga wa Kamaru da Togo da sauran yankunanta hoton jirgin ruwan sarkinta mai suna Hohenzollern daga 1900, suna kawai ake sauyawa.

Daga nan sai ƙarin bugu, wato rubutun da ake bugawa a kan wanda aka riga aka gama domin sauya masa ƙasa ko farashi, kuma ƙa'idar ita ce rubutun sama ya shafe hukuncin na ƙasa. Faransawa sun buga hoton wani mahayin raƙumi a 1914 domin yankin da suka kira Haut-Sénégal et Niger, da aka rarraba yankin sai aka ɗauki wannan hoto guda aka buga masa Haute-Volta a 1920, wato Burkina Faso ta yau, aka buga masa Soudan Français da Territoire du Niger a 1921. Raƙumi ɗaya ya zama na ƙasa uku, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da alaƙa da sanannen raƙumin masinjan Sudan ta Khartoum, wanda aka fara bugawa a 1898. Sai a 1926 Nijar ta samu zanenta na kanta, mai nuna masu jan ruwa a rijiya, da jirgi a kan kogi, da ganuwar sojan Damagaram.

Haruffan C.E.F. sun fi wannan rikitarwa. Idan an same su a kan jirgin ruwan Jamus mai sunan Kamerun, tare da sabon farashi na kwabo ko sule, to na rundunar Birtaniya ce da ta kama Duwala a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an fito da su a 1915. Idan kuwa a kan na Indiya suke, mai kan Sarauniya Victoria da farashin anna, to na sojojin da aka tura ƙasar Sin ne a 1900. Haruffa uku iri ɗaya ne, nahiya biyu, kuma abin da ke ƙarƙashinsu ne yake bayyana wanne ne wanne.

Waɗannan misalai suna nuna cewa tambayar wace ƙasa ce ta buga shi ba ta cika ba sai an haɗa ta da wace hukuma, kuma a wane zamani. Niger Coast da ake gani a wasu na shekarun 1890 ba Jamhuriyar Nijar ba ce, yankin bakin teku ne na kudancin Nijeriya wanda kafin nan ake kira Oil Rivers. Haruffan AOF sun haɗa Nijar da Senegal da Mali da wasu yankuna biyar a ƙarƙashin kan sarki ɗaya daga tsakiyar shekarun 1940 har zuwa 1959. Kalmar Gini tana cikin sunayen ƙasashe huɗu, uku a Afirka, ɗaya can kusa da Ostareliya, Kwango kuma biyu ce. Mai tarawa da ya dage sai ya jera komai bisa taswirar yau zai riƙa tilasta wa takarda ta faɗi abin da ba ta faɗa ba.

Idan duk waɗannan shaidu sun gaza, ko ana son tantance bugu biyu masu kama da juna, sai a koma ga takardar kanta. Alamar ruwa wani zane ne da ake dannawa a cikin takarda tun tana danya, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga ta ga haske ko an kifa ta a kan baƙin faranti an ɗiga mata wani ruwa na musamman mai saurin bushewa. Kambi da haruffan CA alamar wakilan da suke yi wa ƙasashen rainon Ingila sayayya ce, kuma na Nijeriya ta Arewa na 1902 yana da guda ɗaya a kowace takarda, na 1905 kuwa alamar ta yawaita ta bazu. Haƙoran gefe, waɗanda Birtaniya ta fara hudawa a 1854 domin a daina yanka da almakashi, ana ƙirga adadinsu ne a cikin santimita biyu. Da waɗannan bayanai ake shiga manyan kundaye irin su Stanley Gibbons na Ingila, Scott na Amurka, Michel na Jamus da Yvert et Tellier na Faransa. Manhajojin wayar hannu da suke gane kan sarki daga hoto sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, kuma babu laifi a fara da su, amma hoto suke kwatantawa, ba sa ganin alamar ruwa, kuma ƙarin bugu yana iya ruɗa su. Wanda duk zai taɓa irin waɗannan takardu, ya kamata ya yi da hantsaki marar kaifi, domin gumin yatsa yana bar musu tabo.

Ya kamata a san kuma cewa ba duk abin da ke da haƙora da farashi ne kan sarkin gidan waya ba. Akwai na haraji da ake liƙawa a rasit da takardun yarjejeniya, akwai na tallace-tallace da na neman taimako, akwai kuma na jabu da wasu 'yan kasuwa suke bugawa da sunan ƙasashen da ba su san da zancen ba. Ƙasashen Afirka sun sha wannan zalunci fiye da kowa, ana buga taurarin fina-finai da 'yan wasa da sunansu ana sayarwa a ƙetare ba tare da ko sisi ya shiga baitulmalinsu ba, abin da ya sa ƙungiyar ta duniya take fitar da sanarwar gargaɗi, ta kuma soma rajistar na gaskiya da lamba tun 2002.

Shaida na ƙarshe, wanda aka fi wulaƙantawa alhali shi ne yake faɗin inda takarda ta yi aiki, shi ne hatimin da ma'aikacin gidan waya yake dannawa domin kashe ta. Kafin 1900, a yankunan da Kamfanin Royal Niger yake iko da su, kan sarkin Birtaniya na gida ake liƙawa, don haka wanda aka samu da hatimin Lakwaja ko Burutu ko Akassa Landan ce ta buga shi, amma tarihin Nijeriya yake ɗauke da shi, kuma darajarsa ta ninka ta ɗan uwansa da aka kashe a Ingila. Haka na Nijeriya ya yi aiki a Kamarun da ke hannun Ingila har 1960, na Indiya kuma a Adan da Zanzibar da Kuwait. Sau da yawa rabin hatimin ne kawai yake hawa kan sarkin, sauran rabin mai sunan gari da kwanan wata yana kan ambulan, don haka ɓamɓare shi daga ambulan yana raba shaidar gida biyu. A gidaje da yawa na Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi da Damagaram akwai tsofaffin akwatuna da adakoki cike da wasiƙun alhazai da fatake da ɗalibai da tsofaffin sojoji, kuma roƙon da ake yi ga magadan da suka buɗe su shi ne su bar kowane kan sarki a jikin ambulan ɗinsa, su ajiye su a busasshen wuri nesa da gara da hasken rana.